Gidan Bawa da Waƙoƙin da Ba Su da Amshi

Akwai wani mawaƙi a Jidda a shekarun 1970, sunansa Bawa. Iyayensa Hausawan Sudan ne, a wani ɗan gida a unguwar Bani Malik aka haife shi, a nan kuma ya tsara duk waƙoƙinsa na biki. Yadda yake waƙa, shi zai ɗauko baiti ya kai rabi, Ubale da sauran 'yan amshi su ƙarasa.

Da tsufa ya kama shi, Abdulghani ɗan maƙwabcinsa, wanda ya karanta tarihi a jami'a, ya zo da rikoda. Burinsa gidan ya zama wurin adana waƙoƙin, masu bincike su riƙa zuwa.

Ana fara ɗauka, Ubale ya shigo da amshi har da tafi. Abdulghani ya kashe rikoda.

"Ya ammi, halas! Ya isa haka, kawu. Kuna danne muryarsa. Ku jira a waje."

Ubale ya ce, "Kai Abdulghani, jiya-jiya kake bin mu biki don shinkafa, yau kai ne mai korar mu?"

Bawa ya ce, "Ɗana, ni kaɗai rabin waƙa ne."

"Baba, kai tarihi zai nema. Yalla, mu ci gaba."

Bawa ba mai musu ba ne. Ya yi waƙoƙinsa shi kaɗai. Duk inda amshi zai shigo sai ya yi shiru, kamar yadda ya saba.

Bayan Hajji Bawa ya rasu. Ba a jima ba aka kwashe marasa iƙama, wato takardar izinin zama, Ubale da mutanensa suna ciki. Jirgin ruwa ya tafi da su, babu wanda ya san garin da suka sauka.

Abdulghani ya gyara gidan, ya rataye kalangu da hular Bawa. Ranar buɗewa ya kunna kaset. Muryar Bawa ta tashi, ta kai rabin baiti, ta tsaya. Ta sake tashi, ta sake tsayawa.

Ya juya wurin Zaituna, 'yar marigayin. "Yaya, ko kin riƙe amshin?"

Ta ce, "Da Larabci na tashi. In na ji zan gane, amma ba zai fito daga bakina ba."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Kashe, don Allah. Su yake jira."

Darasi: Kada ka raina waɗanda ke bayan mai suna, aikin nasu ne tare. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu dattijo a gida da ba su zauna sun saurare shi da mutanensa ba tukuna.