Gishirin Iya Gwamma

An ce wani sarki ne aka yi a wata ƙasa, wanda ba ya alfahari da komai kamar a ce shi ba ya fifita wani a kan wani. Idan zai raba goro sai ya ƙirga, idan zai raba riguna sai ya auna, har fadawa suka riƙa cewa da yana da iko da ya daidaita tsayin yatsun hannunsa. Ba azzalumi ba ne, haƙiƙa. Illarsa ɗaya, in ya yanke magana sai ya ɗauka gaskiya ta ƙare a nan.

Wata shekara fara ta sauka ta cinye amfanin garuruwa uku na ƙasarsa, ba ta bar musu ko irin shuka ba. Da bazara ta kusa ƙarewa, sarki ya sa aka buɗe rumbunansa aka fitar da gero dami ɗari tara, ya ce a kai wa kowane gari dami ɗari uku su yi iri. Fada ta ɗauki kabbara da kirari. Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba, shi ne Waziri Barmo.

Waziri ya san garuruwan nan da ƙafarsa. Tudun Kanya gida ɗari ne, Rafin Gawo ɗari biyu, Gangare kuwa gida ɗari shida cif. Ya ga cewa in aka bi rabon sarki, ruwan fari zai sauka ya tarar da yawancin gonakin Gangare ba iri, kuma wanda bai shuka ba bana yunwa zai girbe baɗi. Ya rusuna ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, ina jin tsoro rabon nan zai cuci Gangare."

Sarki ya murtuke fuska ya ce, "Ɗari uku ta fi ɗari uku ne, Waziri? Na ba ka kwana uku. Ka nuna mini cutar da idona zai gani, ba wadda harshenka zai ƙaga ba. In ka kasa, jakuna su tashi da rabon yadda na yanke."

Kwana biyu Waziri yana juya maganar, abinci ba ya masa daɗi. Lissafin yana kansa sarai, amma ya san ubangidansa: in ka zo masa da lamba, da lamba zai kore ka. Ran na uku da hantsi ya fita wajen rumbuna, ransa a ɓace, ya tsaya yana kallon masu ɗaura kaya. Can gefe ga wata tsohuwa ta kafa murhu, ana kiranta Iya Gwamma. Sana'arta ke nan tun tana da ƙarfi, duk inda aka yi gayya ita ake kira ta dafa wa ma'aikata, kuma ba a taɓa jin tuwonta ya kasa ko ya kwana ba.

Ya ji ta tambayi shugaban masu aikin, "Ku nawa ne yau?" Ya ce arba'in da biyar. Ta ce, "Jiya kuna talatin na tuƙa mudu shida. Kowane mutum goma mudu biyu, to yau tara ke nan. A ƙaro mini uku." Ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta fifita wuta.

Waziri ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya matsa ya gaishe ta, ya zayyana mata damuwarsa duka. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Ranka ya daɗe, ai na ji rabon, tun shekaranjiya yake cina. Amma sarki ba zai ji da kunne ba. Ka nema mini izini in yi masa miya."

Da azahar aka shigo da ita fada da tukwane uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Fadawa suka fara ƙyafta wa juna ido, wai Waziri ya rasa hujja ya koma madafa. Iya Gwamma ta durƙusa ta ce, "Ya sarki, tsohuwa ba ta da abin gaisuwa sai miyar kuka. A taimaka a ɗanɗana kowace."

Sarki ya fara da ƙaramar. Nan take ya yamutsa fuska ya nemi ruwa, don gishiri ya kai ta har ɗaci. Ya ɗanɗana ta tsakiya, ya ce da dama, amma an ɗan zarce. Ya kai ta babbar baki, ya ji ta lami kamar ruwan wanke ƙwarya. Ya ce, "Ke tsohuwa, aka ce kin iya girki. Ɗaya kin kashe ta da gishiri, ɗaya kin hana ta. Wane irin son kai ne wannan?"

Ta ce, "Ya sarki, ban fifita kowace ba. Gishiri cokali tara gare ni, kowace tukunya na ba ta uku. Uku ta fi uku ne?"

Waziri ya sunkuyar da kai, don ya ji ta maida wa sarki maganarsa ba ta rage komai ba.

Sarki ya dube ta ya ce, "Ruwa nawa ke cikin kowace?"

Ta ce, "Ƙaramar ƙwarya ɗaya, ta tsakiya biyu, babbar shida."

Ya ce, "To ai ko yaro ya san gyaran. Ƙwarya tara, cokali tara. Kowace ƙwarya cokali ɗaya: ƙaramar ɗaya, ta tsakiya biyu, babbar…" Sai ya tsaya, maganar ta maƙale masa.

Iya Gwamma ta ce a hankali, "Shida, ya sarki. Gishirin ya isa tun farko, hannun mai rabo ne bai dubi tukunya ba. Gangare ita ke da kashi biyu cikin uku na mutanen, aka ba ta kashi ɗaya cikin uku na geron. A Tudun Kanya kowane gida dami uku, a Gangare gida biyu su raba ɗaya."

Sarki ya ga lissafin ya fita. Amma girman kai ba ya fita lokaci ɗaya, sai ya nemi wata kafa. Ya yi murmushi ya ce, "Kin yi wayo. Na tabbata ke 'yar Gangare ce, kin zo jawo wa garinku."

Ta ce, "A Tudun Kanya aka haife ni, ya sarki, a can gonata take."

Shi kansa Waziri bai san wannan ba, sai da ya ɗago ya sake dubanta. Sarki ya ce, "Kin san kin rage wa garinku dami ɗari biyu? Da wane ido za ki koma?"

Ta ce, "Da wanda na fito da shi. Dami ɗaya ya ishi gidana shuka. Sauran biyun in na tuƙa na ci, gonar wani na cinye, kuma na tsufa da irin wannan loma."

Waziri Barmo ya shekara ashirin a fada, ya ga malamai da masu hikima iri-iri, amma ya sha faɗa daga baya cewa bai taɓa jin ya ƙanƙanta a gaban mutum kamar ranar ba. Sarki ya sauko daga karaga, abin da ba a saba gani ba, ya ce a sauke kayan jakuna a sake ɗauri: ɗari Tudun Kanya, ɗari biyu Rafin Gawo, ɗari shida Gangare. Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka, kuma babu gidan da ya tsaya yana kallon maƙwabcinsa na shuka.

Kafin tsohuwa ta fita, sarki ya ɗauki ƙaramar tukunyar nan ya sake kurɓa, ya haɗiye ɗacin a gaban jama'a, ya ce, "Ku shaida, wannan miyata ce. Da ina tsammani adalci shi ne mai rabo ya dubi hannunsa. Ashe sai ya dubi bakunan da ke jiransa."