Telan da Ya Zuba Ɗanyen Taki

Akwai wani mutum, tela ne, wanda ya yi shekara talatin a birni yana taka keke, har idonsa ya fara kasa ganin kafar allura. Da ya ga haka sai ya sayar da keken, ya ɗauki matarsa suka koma ƙauyen da aka haife shi, ya ce da noma zai ƙarasa kwanakinsa. Noman kuwa bai san shi ba ko kaɗan, fartanya ma sai dai ya ga ana wucewa da ita. Amma mutum ne mai zafin nama, idan ya sa abu a gaba ba ya jin kira.

A cikin wata ɗaya ya fara abu uku. Ya gina akurki ya zuba kaji ashirin, ya yi ɗaki a bayan gida ya sa 'yan aladu biyu, ya kuma kewaye wani fili a bakin rafi ya ce lambu ne. Matarsa ta ce, "Baban Ƙauna, da ka fara da guda ɗaya tukuna." Ya yi dariya ya ce hannun da ya ɗinka babbar riga ba alayyaho ne zai gagare shi ba.

Ana nan sai yayarsa ta zo yi masa barka da zuwa, ta miƙa masa wani ɗan ƙulli a tsumma. Ta ce, "Irin gautan Inna ne. Da ta rasu bara na same shi a rataye a ɗakinta. Ni ba ni da lambu, kuma na tambaya, ba wanda ya rage da shi a garin nan. Idan ya mutu a hannunka, ya ƙare ke nan."

Mutumin ya karɓa da hannu biyu. Farin gauta ne mai ɗan ɗaci, wanda uwarsu ke yi musu miya da shi tun suna ƙanana, shekara talatin kuwa ya yi yana neman ɗanɗanonsa a kasuwannin birni bai samu ba. Ya gyara ƙasa a wuri mafi kyau a lambun, ya yayyafa irin duka, ko ƙwaya ɗaya bai ajiye ba. Ya lulluɓe da ciyawa, yana ba shi ruwa safe da yamma. A kwana na goma ya tsiro, kore shar, ya fi ɗari biyu. Mutumin ya tsaya a kansa yana murna har ya manta bai karya kumallo ba.

To, ya sha jin ana cewa babu takin da ya kai kashin kaji da na aladu, kuma gaskiya ne. Shi kuwa mutum ne mai tsabta, a birni ba ya ɗinka ko maɓalli sai ya share shago. Saboda haka kowace safiya sai ya share akurki, ya kwashe ɗakin aladu, ya cika kwando, ya wuce da shi kai tsaye lambu ya barbaza tsakanin 'yan tsire-tsiren. A ganinsa dabara ce da mutanen ƙauye suka kasa ganowa, ga gida tsaf, ga lambu ya ƙoshi. Gautan uwarsa kuwa shi yake fi zuba wa, domin shi ya fi ƙauna.

Bayan kwana uku bakin ganyen ya fara yin ja, kamar yadin da dutsen guga ya daɗe a kai. Mutumin ya tsuguna ya duba, ya ce a ransa, yunwa ce. Kashegari ya kai kwando biyu.

Ganye ya ƙara yanƙwanewa. Wani mai wucewa ya leƙo ta kan shinge ya ce tsutsa ce ke cin saiwa. Ya tona, ya tona, bai ga tsutsa ba. Wani ya ce rana ta yi yawa, sai ya kafa rumfa ta kara a kansu. Wani kuma ya ce ai rumfar ce ta hana su iska, sai ya rushe ta. Har aka sami wanda ya rage murya ya ce masa ya lura da masu mugun baki, ba kowa ke son ganin ɗan birni ya dawo ya yi albarka ba. Mutumin mai bi ne, ya san bai kamata ya saurari wannan ba, amma daga ranar ya fara kallon maƙwabtansa da gefen ido.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, kajin suna ta ƙwai, aladun suna ta ƙiba, alhali bai damu da su sosai ba. 'Yar yakuwar da matarsa ta watsa a bayan madafa, wadda ba wanda ya taɓa zuba wa komai sai ruwan wanke-wanke, ta tashi kyakkyawa. Abin da ya fi wahala a kai, shi ne yake mutuwa. Ya yi addu'a, ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya ƙara taki. Kullum safiya ya ƙirga, kullum ya ga sun ragu. Ya rasa wanda zai tuhuma, ya rasa abin da zai daina, har ya fara tunanin ko Ubangiji ne bai yarda da dawowarsa gida ba. Tsoro ya kama shi, domin ya ga irin uwarsa yana ƙarewa a gabansa, bai kuwa san abin da yake kashe shi ba.

Akwai wata tsohuwa gwauruwa mai lambu a gaba da nasa, ana ce da ita Iya Tabawa. Sau biyu matarsa tana cewa ya je ya tambaye ta, kunya ta hana shi, gama ya riga ya cika baki a gari. Wata safiya tsohuwar ta zo ɗiban ruwa a rafi, ta same shi tsaye da kwando a ka. Ta ja hanci, ta ajiye tulunta.

Ta ce, "Ɗana, sauke kwandon nan. Na yaushe ne?"

Ya ce, "Na yau ne, Iya. Ban taɓa ba su wanda ya kwana ba."

Tsohuwa ta kama haɓa. Ta ce masa ya biyo ta. Ta kai shi gindin wata bishiya a lambunta inda ta tara taki ta rufe da ciyawa, ta buɗe gefe guda ta ce ya ɗiba. Ya ɗiba. Baƙi ne, mai laushi, mai sanyi, ba wari sai ƙamshin ƙasa.

Ta ce, "Wannan tun ƙarshen damina yake kwance. Nakan juya shi, in yayyafa ruwa, in bar shi."

Ya ce, "Amma Iya, wannan taki ne, nawa ma taki ne."

Ta ce, "Ba wanda ya ce naka ba taki ba ne. Bai huce ba ne kawai. Sabon kashin kaji wuta ne, babbar shuka ma da ƙyar take jure shi, balle ɗan tsiro mai ganye biyu."

Mutumin ya tsaya yana duban hannunsa. Ya ce, "To, ni ban gane ba. Abu mai kyau na ba su, ko marar kyau?"

Ta ce, "Mai kyau ka ba su, ɗana. Da shi ka kashe su."

Suka koma tare, suka durƙusa, suka kwashe ɗanyen takin da yatsunsu a hankali don kada su taɓa saiwa, suka yi ta kwarara ruwa har rana ta take. Cikin fiye da ɗari biyu da suka tsiro, biyar ne suka ragu da rai. Mutumin ya zauna a ƙasa ya yi kuka, bai ɓoye wa tsohuwar ba. Ɗaya ya mutu bayan dashe, huɗu suka yi 'ya'ya. A shekarar nan bai ɗanɗana ko guda ba, ya bar su duka suka nuna a jikin uwarsu domin iri.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan tsire-tsiren nan su ne waɗanda Ubangiji ya damƙa a hannunmu tun suna da taushi: 'ya'yanmu, da ƙannenmu, da sababbin masu bi waɗanda ba su daɗe da shigowa ba. Ba namu ba ne, amana ce aka ba mu, kuma babu wani a ajiye da za a maye gurbinsu da shi. Takin shi ne gaskiya, wato gargaɗi da tsawatawa da koyarwa. Telan kuwa, kada ku duba bencin da ke gefenku. Ni ne, ku ne.

Yaro ya yi laifi, zuciyarmu tana tafasa, sai mu kwaso maganar da zafinta mu juye masa a gaban mutane. Duk abin da muka faɗa gaskiya ne, ba mu ƙara ko kalma ba, shi ya sa ba ma ganin laifinmu. Yaron ya daina zama kusa da mu, sai mu ce faɗan ne bai isa ba, mu ƙara kwando. Mace ta tuba jiya, yau mun sa ta a gaba a kan ɗankwalinta da yadda take addu'a. Idan ta daina zuwa sujada sai mu ce Shaiɗan ne, mu ce abokai ne, mu ce zamani ne ya lalace. Kowa za mu tuhuma banda kwandon da ke kanmu. Abin baƙin ciki kuma, wanda muka fi ƙauna shi muke fi ƙonawa.

Ban ce ku zubar da takin ba. Lambun da ba a ba shi taki yunwa za ta kashe shi, gidan da ba a faɗin gaskiya a cikinsa ma haka ne. Cewa na yi ku ajiye maganar a gaban Ubangiji tukuna. Ku juya ta cikin addu'a har fushinku ya fita daga cikinta, har ku iya faɗinta ba tare da kuna so ta yi ciwo ba. Sa'an nan ku kai ta, kaɗan kaɗan, a keɓe.

Na sani tun ina magana wani suna ya faɗo wa kowannenku a zuciya. Wataƙila ɗanka ne da ya daina kiranka, wataƙila wadda ta saba zama a bayanki ranar Lahadi. Ku je wurinsu a makon nan, ba da sabon wa'azi ba. Ku durƙusa ku fara kwashe wanda kuka zuba, tun da sauran masu rai.