Shaidar Tururuwa a Gangaren Tsauni

An yi wani sarki mai natsuwa da tsoron Allah, wanda ƙasarsa ta kasu biyu: mutanen kwari masu noman gero, da mutanen tsauni masu kiwon zuma, waɗanda ke rataye amyoyinsu a itatuwan kurmi. Wata shekara aka wayi gari gangaren tsaunin ya zama gona, babu komai sai kututture da toka, ƙudan zuma kuwa ya watse. Mutanen tsauni suka kawo ƙara. Sarkin Noma Jatau, shugaban manoman kwari, ya rantse cewa gonar kakanninsu ce, saura ce kawai, wato gonar da aka daɗe ba a noma ba, suka share.

Sarki ya kira Waziri Mudi, ya ce, "Kowane ɓangare ya kawo shaidu arba'in, kowane mai shaida kuma ɗan uwan mai magana ne. Na ba ka kwana bakwai ka kawo mini shaidar da ba ta da dangi a kwari ko a tsauni. In ba ta samu ba, ƙasa ta zauna hannun wanda ke nomanta."

Waziri ya fita, ya san in aka yi haka mutanen tsauni sai ƙaura. Ya binciki littattafai, ya tambayi dattawa, bai sami abin kamawa ba. A rana ta biyar ya hau gangaren da ƙafarsa, babe yana ta tsalle a gabansa, ya tarar da wata tsohuwa mai suna Ladingo tana tsintar itace.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "na ga kana duban sama, alhali masu shaidar suna ƙarƙashin takalminka."

Waziri ya ce, "Iya, ki fahimtar da ni, don na gaji."

Ta ce, "Shekara sittin ina bin wannan dutse. Ƙwarin kurmi daban, na gona daban. Inda ba a taɓa ba, za ka ga zuma da malam-buɗe-littafi. Inda aka sare aka ƙone, sai babe da fara su cika wurin. Amma waɗannan masu fiffike ne, ana iya cewa jiya suka zo. Tururuwa ce ba ta barin gidanta, kuma duk abin da ƙasa ta taɓa haifarwa tana da ajiyarsa."

A rana ta bakwai Sarki ya fito da jama'arsa, Waziri ya roƙi alfarmar a bar Jatau ya riƙe fartanya da hannunsa, don kada a ce an yi masa makirci. Aka fara da wata tsohuwar saura a kwari, wadda kowa ya yarda an noma ta a da. Jatau ya tone gidan tururuwa, sai ga ƙaiƙayin gero daki-daki, na sama sabo-sabo, na ƙasa ya yi baƙi don daɗewa. Sannan aka hau gangaren, ya tone gida uku. Geron bana kaɗan ne a baki. Daga nan har ƙasa babu komai sai irin ciyawar daji, alamar ba a taɓa noma wurin ba kafin bana.

Jatau ya ajiye fartanya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na yi ƙarya. Mun yi yawa, gonakinmu sun gaji, na ji tsoron yunwa fiye da yadda na ji tsoron rantsuwa."

Sarki ya mayar wa mutanen tsauni gangarensu, ya juya ga Waziri zai yi masa kyauta. Waziri ya ce, "Ni ɗan aike ne kawai, mai ilimin ga ta can." Aka gabatar da Ladingo, Sarki ya ce ta faɗi bukatarta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kada a ɗaure Jatau. A ba mutanensa fadamar da ke bayan gari, don mai yunwa zai sake hawowa. A kuma hana sa wuta a dutsen nan."

Sarki ya zartar da duka ukun, ya gina mata ɗaki mai kyau a ƙauyenta, ya yi umarni kada a yanke hukunci kan daji ko gona sai an ji ta bakinta. Jatau da kansa ya jagoranci dashen ɗorawa da tsamiya a gangaren. Bayan damina huɗu itatuwan suka fara inuwa, aka sake rataye amya, kuma kaskon zuman farko da aka ɗebo, Ladingo ta aika da shi gidan Jatau.

Masu hikima suka ce: adalci bai cika ba don an gane mai gaskiya, sai an kuma duba abin da ya kai marar gaskiya ga ƙarya, an yi masa magani.