Jar Karyar Gwamma da 'Ya'yanta Shida

Dalilin da ya sa za ku ga karya ta haifi kwikwiyo shida amma babu biyu da suka yi kama, na ji shi ne a bakin wani tsohon mafarauci, shekarun da nake yawon neman karatu. Sunan garin da abin ya faru ya ɓace mini, yara. Na kwana biyu ina lalube bai zo ba. Akwai kuma wata waƙa da karyar take yi a tsakiyar labarin, ita ma ta tafi. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

A da, in ji shi, karnuka ba sa gauraya. Na mafarauta ja ne, dogo, siriri. Na makiyaya fari ne mai kauri, kunnuwansa a kwance. Na maƙera kuwa baƙi ne gajere. Ko daga nesa ka hango kare ka san gidan da ya fito, in ya yi ɓarna ka san ƙofar da za ka dosa.

Wata shekara ana cikin girbi, wani jan kare ya haukace, ya ciji 'yar mai gari a bakin rijiya. Yarinyar ba ta cika wata biyu ba ta rasu. Mai garin, Nomau sunansa, ya gama zaman makoki, ya sa aka yi shela cewa duk jan karen da ke garin a kashe shi.

A ƙarshen gari akwai wata tsohuwa, Gwamma, wadda idonta ya mutu. Mijinta mafarauci ne, ya rasu bai bar mata komai ba sai jar karya guda. Da igiya a wuyanta take jan Gwamma zuwa rijiya da kasuwa. Da tsohuwar ta ji shela, sai ta sa karyar ta ja ta har zauren Nomau.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo gaisuwa, na kuma zo roƙo."

Ya ce, "Gaisuwar na karɓa, Iya. Roƙon ki riƙe abinki."

Ta ce, "Karyar nan tawa ciki gare ta. Mijina ya shekara arba'in a daji bai taɓa harbin mai ciki ba, ko da gada ce. Kai ma ka san haka muka gada."

Nomau ya dubi cikin karyar. Can ya ce, "Ta haihu, ta shayar. Ran da ta yaye, da ita da duk jan da ta haifa, ba zan bar ko ɗaya ba."

Karyar tana kwance a bakin zaure, ta ji komai. Ta san ja za ta haifa, don jar karya ba ta taɓa haihuwar wani abu daban ba. Washegari da hantsi, Gwamma na hutawa, ta tafi ruga wurin farar karyar makiyaya.

Ta ce, "'Yar'uwa, ni tawa ta ƙare. Ki sam wa na cikina kaɗan daga farinki."

Farar ta ce, "In na ba ki, nawa ma ba za su ƙara fitowa fari fat ba. Kin san haka?"

"Na sani. Shi ya sa nake roƙo, ban ce dole ba."

Farar ta dubi 'ya'yanta suna wasa a gindin saniya. Sai ta sunkuya ta lashi cikin jar sau ɗaya. Daga nan jar ta wuce maƙera, baƙar karyar can ma ta lasa. A nan ne waƙar take, wadda na ce muku ta ɓace.

Ran yaye Nomau ya zo da kansa. Ardon ruga da Sarkin Maƙera suna biye da shi, don su shaida. Gwamma ta fito da kwikwiyo shida a cikin kwando. Wani ja da farin ƙirji, wani mai baƙin baki da doguwar ƙafa. Akwai wanda kunnensa ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance.

Nomau ya ɗaga na farko ya ce, "Wannan ja ne."

Ardo ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, dubi ƙirjinsa. Farin nan namu ne. Ba a ce a kashe karen ruga ba."

Ya ɗaga na biyu. Sarkin Maƙera ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan baƙin bakin kuwa daga maƙerata ya fito."

Ardo ya ce, "Ai ko ba ka faɗa ba, Sarki, muninsa ya faɗa."

Ba wanda ya yi dariya sai Gwamma. Nomau ya juya su ɗaya bayan ɗaya har shida, bai sami wanda zai kashe ba tare da ya taɓa na wani ba. Ya mayar da na ƙarshe cikin kwando, idonsa ya cika da ƙwalla.

Ya ce, "Waɗannan su zauna. Uwar dai ja ce, kuma na riga na rantse."

Gwamma ba ta ƙara roƙo ba. Ta durƙusa ta shafa kan karyar, ta kwance igiyar da hannunta. Karyar ta bi mutanen ba tare da an ja ta ba. Da takunsu ya yi nisa, tsohuwar ta laluba cikin kwando ta ɗauko mai kunne ɗaya a tsaye, ta gwada masa igiyar. Ta yi masa yawa, sai da ta ninka ta biyu.

Shi ya sa har yau karya take haihuwar 'ya'yanta kowa da kalarsa, don kada a sake tara su a kashe saboda laifin guda.

Bayan shekaru masu yawa na kai tunkiyata wurin wani likitan dabbobi, na tambaye shi zancen. Ya ce mini karya takan ɗauki 'ya'yan uba biyu, har uku, a ciki ɗaya. Na sa ya maimaita, ya maimaita.