Kankanar Dagaci

Wai dagaci ya kira Jatau, wanda ci kaɗai ya iya, ya ce, "Masu saye na tafe. Kankana nawa ta nuna a gonata?"

Jatau ya shiga gonar da wuƙa, ya fasa kaɗan daga kowace kusurwa ya sha. "Ranka ya daɗe, cikin goma, shida zuwa takwas. Da wuya ta wuce haka."

"Ban son kame-kame! Faɗi daidai, ko ka bar garin nan."

"Ni kaina ba ya ja, bakina ne malamin. Bari in fasa su duka."

"In sayar da me?"

"Ɓawo. Amma za ka san adadi daidai."

Dagaci ya fizge wuƙar. "Shida zuwa takwas ɗin ya isa."

Jatau ya tsira, amma cikinsa bai yafe masa ba.