Latas Ɗin Carmelo Da Tafarnuwar Nunzia

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu ta manoman lambu, can bayan birnin Melbourne, sunanta Nunzia. Kowace Lahadi 'ya'ya da jikoki a gidanta suke cin abincin rana.

Matar ɗanta, Bronwyn, tana fama da ciwon ciki. Likita ya hana ta albasa da tafarnuwa, amma ya ce latas ba laifi. Da Carmelo mijin Nunzia ya ji haka, sai ya ware kunya guda ya shuka mata latas mai laushi.

Nunzia kuwa ba ta yarda da ciwon ba. A ganinta iyayi ne. Yadda ta koya a wurin uwarta, ba a haɗa ganyen latas sai an daka tafarnuwa a ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake zuba masa. Sai ta ci gaba da dakawa, tana tacewa don kada a gani.

Duk Litinin Bronwyn takan wuni a kwance. Kunya ta hana ta zargin girkin surukarta, sai ta ce ƙila ganyen ne bai karɓe ta ba. Ta daina ci. Daga baya ta daina zuwa, don kada Carmelo ya ga tana ture kwanon. Jikoki ma suka rage zuwa.

Wata safiya Nunzia ta tarar da mijinta yana tuge latas ɗin yana zubarwa.

"Kai tsoho, ka zautu ne?"

"Ni na kwantar da yarinyar nan," in ji shi. "Ina tura mata tana ci don kada raina ya ɓaci."

Nunzia ta tsaya tana kallon ganyen yana yaushi a rana. Da ƙyar ta faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ya dai miƙa mata wayarsa ta kira Bronwyn.

Bronwyn ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Mama, da kin ce ba ki yarda ba, ai da na kai ki wurin likitan."

Ta dawo cin abincin Lahadi. Amma har yau da ɗan kwanonta take zuwa, ita ke haɗa nata. Nunzia kan matsa mata wuri a tebur.

Darasi: Idan mutum ya ce wani abu yana cutar da shi, ka yarda ko da ba ka gani ba. Gwada shi a ɓoye yana jawo wa marar laifi zargi, kuma yarda ba ta saurin dawowa. Ku tura wa duk mai girka wa wani abinci.