Rijiyar da Ba a Sha

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba na son hukuncin gaggawa.

A Gangaren Marke an yi wani ɗan bumburutu, Ɗantani, mai sayar da fetur a galan a bakin titi. Mutum ne mai shegen zargi, ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya laluba aljihunsa. Ana nan sai rijiyar masallaci ta fara warin fetur, yara suka kama amai da ciwon ciki. Rumfar Ɗantani kuwa taku arba'in ce daga rijiyar. Ba wanda ya tsaya bincike. Mai unguwa ya kira shi ya ce, "Kwana bakwai na ba ka, ka kwashe iyalinka ka bar mana gari." Garin da aka binne cibiyarsa ke nan fa. Ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe, amma a banza.

Rana ta uku sai ga wata injiniya daga birni, Murja, da motar haƙa. Ta ce rijiyar gwaji za su yi, 'yar siririya mai bututu da murfin da ake kullewa da kwaɗo, ba ta sha ba, ta ɗibar ruwan ƙasa ce a auna. Gari ya ɗauki ƙus-ƙus. Ina aka taɓa ganin rijiya da kwaɗo? Wasu suka ce arzikin mai aka gano, za a ƙwace gonaki. Ɗantani kuwa ya tabbata shi aka zo ƙarasawa.

Har an kafa inji a gindin rumfarsa, sai Baba Jibo, tsohon mahaƙin rijiya, ya dogaro sanda ya ce, "'Yata, a nan ko kin sami mai ba za ki san mafarinsa ba. Ruwan garin nan daga tudu yake gangarowa. Hau sama da rumfar, kusa da tsohon gidan man can da aka rufe." Murja ta dube shi, ta dubi taswirarta, ta sa aka matsar da injin.

To garin yana da al'ada: sabuwar rijiya ba a taɓa ruwanta sai tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta zuba mata guga ɗaya daga rijiyar masallaci, don ta gaji albarka. Ranar da aka sa bututu, Murja ta tafi ɗauko kwalabe, ma'aikata sun tafi cin abinci, murfin ba kwaɗo. Jama'a suka cika guga suka miƙa wa Iya Tabawa, wadda jikanta ke kwance a asibiti. Ta shinshina gugan ta ajiye. "Ba zan zuba ba," in ji ta. "In na zuba, gobe ɗan bumburutun nan ya ce mu muka sa mai a ciki." Ta zauna daram a kan murfin, rana na dukanta, har injiniya ta dawo.

Rana ta bakwai ta yi, Ɗantani ya ɗaure kayansa. Sakamakon awo kuwa sai bayan mako biyu, mai unguwa ya ce shi ba ya jiran takarda. Murja ta tara mutane, ta zura wani bututu garai-garai a rijiyar gwajin ta jawo. Ga ruwa a ƙasa, ga mai ya kai yatsa uku yana yawo a sama. Ta juye a tasa can gefe, ta ƙyasta ashana, wuta ta kama. Ta ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, mai ba zai taso daga rumfar can ya hau tudu ba." Da aka tone harabar tsohon gidan man, sai ga tankinsa a ƙasa tsatsa ta huda shi. Aka ce wa Ɗantani ya kwance kayansa, amma ko mutum ɗaya bai ce masa yi haƙuri ba.

Kwana goma bayan haka matarsa ta sauka a cikin ɗakinta. Ɗantani ya ce wanda ya wanke shi, shi zai zaɓa wa jaririn suna. Nan fa halinsa na zargi ya motsa. Baba Jibo dai shi ya haƙa rijiyar masallaci, an fara cewa aikinsa ne bai yi kyau ba, sunansa yake karewa. Iya Tabawa so take a kama Ɗantani dumu-dumu. Murja kuwa aikinta ta yi, ko sunansa ba ta riƙe ba. Amma cire ɗaya daga cikinsu, da a garin wasu za a yi wankan jegon nan.

Gobe suna, liman yana jira. To, ku da kuka ji komai, wa Ɗantani zai tura wa goro ya zaɓi sunan ɗansa?